Daga Kasko zuwa Na'ura: Lacca a kan Haɗa Man Turaren Ɗaki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci fure ya ajiye ƙamshi a cikinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, sa'ad da takardar gayyata ta iso mini, aka ce in zo in yi jawabi a kan haɗa man turare domin waɗannan na'urori da suka shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, waɗanda 'yan kasuwa ke kira difiyuza, na daɗe ina juya maganar a zuciyata, domin na san a cikin zauren nan akwai matan da tun ban san dama da hagu ba suke wanke farce suna soya shi, suna daka kajiji, suna dafa sukari har ya yi danƙo su juye masa sandal da hawi da gabgab, kuma yi wa irin waɗannan bayanin ƙamshi kamar nuna wa na rigingine farin wata ne. Abin da ya ƙarfafa mini guiwa mas'ala ɗaya ce da na ga tana jawo wa mutane asarar kuɗi da ɓacin rai, watau ɗaukar turaren da aka gina domin wuta a zuba shi inda babu wuta. A kanta zan tsaya, in Allah ya yarda, gwargwadon abin da na karanta da abin da na gwada da hannuna.

Haɗa wani turare da wani daɗaɗɗen aiki ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan turara da itacen ud, wani lokaci tsantsarsa, wani lokaci ya haɗa shi da kafur, kuma ya jingina wannan ga aikin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa kuwa, inda galiya take turaren manya, watau almiski da ambar waɗanda aka narkar a cikin man ban, ɗan'uwan zogalenmu, akwai littafin da ake jingina wa Yaƙubu ɗan Ishaƙa al-Kindi, wanda ya rasu wajen shekarar 873 ta Miladiyya, mai ɗauke da girke-girken turare fiye da 100. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da wannan littafi shi ne mai shi ya rubuta awo, ya ce kaza miskali kaza, kaza dirhami kaza, ta yadda bayan shekara dubu da ɗoriya wanda ya samu kayan zai iya maimaita aikin. Mu kuwa, sau nawa gwanar humra ta rasu a unguwa, humrarta ta bi ta kabari, saboda awon yana cikin tafin hannunta ne kaɗai?

To, bari mu dubi abin da kasko ke yi, domin sai mun fahimce shi za mu gane abin da na'ura ba ta iyawa. Garwashi yana da zafin da ke narkar da ƙaro, ya ƙone itace, ya tayar da ƙamshin abubuwa masu nauyi waɗanda, in da an bar su a fili cikin sanyi, za su shekara ba su ba da komai ba sai kaɗan. Shi ya sa ƙaron hano da lubban da farce ba sa nuna darajarsu sai sun hau wuta, kuma hayaƙin nan shi ne abin hawansu, shi ke kai su cikin labule da zannuwa da bango su lafe. Na'urar da aka fi gani yanzu, wadda ake zuba wa ruwa ta riƙa fitar da wani farin hazo, ba ta dafa komai. A gindin tukunyarta akwai wani ɗan faifai, bai fi kwabo ba, wanda ke kaɗawa fiye da sau miliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda, har ya farfasa ruwa da man da ke bisansa su zama ƙananan ɗige-ɗige da iska ke iya ɗauka, kuma in kin sa hannu a hazon za ki ji shi da sanyi. Akwai kuma kwalba mai tsinke, wadda ba ta bukatar ko lantarki, tsinken ne ke tsotso mai daga ƙasa ya miƙa wa iska a bisa, abin da ya sa ta dace da garuruwanmu inda wuta takan tafi ta kwana. Waɗannan biyu, da yake ba su da zafin da zai ɗaga mai nauyi, ba sa karɓar komai sai mai tsinkakke, tsaftatacce, marar gari, marar sukari, marar danƙo.

Na taɓa ganin wata amarya a maƙwabtanmu wadda aka kawo mata irin wannan na'ura cikin kayan ɗaki, ta ɗauki humrar da gwaggonta ta kawo mata tun daga Maiduguri, humra ta gaske wadda ta sha sandal da almiski, ta tsiyaya a cikin ruwan, tana tsammanin ɗaki zai ɗauka. Kwana uku hazo ya fara raguwa, kafin mako ya ɗauke ɗungum, da aka buɗe sai aka tarar garin humrar ya kwanta a kan faifan kamar laka. Ta yi asarar na'ura, ta yi asarar humrar da in a jiki aka shafa ta da ta kai ta wata shida, alhali ba wanda ya cuce ta, bayani ne kawai ba a yi mata ba.

Yanzu sai mu shiga haɗin kansa. Duk wanda ya ɗiga mai iri uku a takarda ya ajiye zai lura ba sa tashi tare. Turawan da suka yi rubutu a kan wannan fanni, tun daga Septimus Piesse na Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, sun kamanta al'amarin da sautukan kiɗa. Ni kuwa na fi ganinsa kamar ayarin fatake na zamanin da ake zuwa Gwanja sayen goro. Akwai jagaba, wanda ke kan gaba, shi ake fara gani, shi kuma ke fara wucewa: a nan za a sa man ɓawon lemun zaƙi da na lemun tsami, da na'a-na'a, da man ganyen itacen turare, da tsaure, waɗanda ke bugun hanci nan take amma ba sa jimawa. Akwai tsakiyar ayari, inda kaya da dukiya suke, watau wardi da yasmin da lafanda da ɗaɗɗoya da kanumfari da kirfa, su ne ainihin abin da baƙo zai ce ɗakin ke ƙamshinsa bayan ya zauna ya sha ruwa. Sa'an nan akwai madugu, wanda ba ya barin zango sai kowa ya tashi: sandal, da ud, da saiwar jema, da lubban, da almiski, da ambar, masu nauyin tashi, masu kwana a ɗaki, waɗanda kuma, ban da nasu ƙamshin, suke riƙe na gaba kada su yi gaggawar gudu. Ayarin da ba shi da jagaba yakan iso shiru ba a san da zuwansa ba, wanda ba shi da madugu kuwa kafin a idar da sallar la'asar ya watse.

Iyayenmu sun san wannan tsari ko da ba su ba shi suna ba, domin dalilin sa farce a turare ke nan, shi da ƙamshin kansa bai taka kara ya karya ba, amma yana kama na sauran ya riƙe. Bambancin shi ne, a kasko madugu ne sarki, tun da wuta na taimakonsa, kuma jagaba yakan ƙone tun kafin a ji shi. A na'urar ruwa kuwa lamarin ya juya, jagaba da tsakiyar ayari su ke da fili, madugu kaɗan ake so, in ya yi yawa ya zauna a kan ruwa ya ƙi tashi.

Awon da masu koyo suka fi farawa da shi, kuma na same shi mai amfani, shi ne a cikin ɗigo goma a ba jagaba uku, tsakiya biyar, madugu biyu. Alal misali, domin falo: lemun zaƙi ɗigo 3, man jeraniyam, wanda ke kusa da wardi ga ƙamshi kuma ya fi shi araha nesa, ɗigo 5, sandal ɗigo 2. Wannan mizani mafari ne kawai, hanci ne alƙali. Amma akwai waɗanda ba a yi musu wannan lissafi, kanumfari da kirfa, domin zafinsu ya kai a ce ɗigo ɗaya a cikin ashirin ya isa, na biyu ya danne kowa ya mai da ɗaki kamar shagon mai kayan yaji, ban da ƙaiƙayin maƙogwaro da yake jawowa. Ku riƙe kuma cewa mililita ɗaya kimanin ɗigo 20 ce, domin ranar da haɗin ya yi kyau kuka so ku cika kwalba, da wannan lissafi za ku hau daga ɗigo zuwa mililita ba tare da ƙamshin ya sauya ba.

Akwai wata hanyar koyo da nake son in daɗe a kanta, saboda ita ce ta fi kowace raba mai koyo da kame-kame. Wani Bafaranshe, Jean Carles, wanda ya kafa makarantar koyar da turare a garin Giras na kudancin Faransa a 1946, yakan sa ɗalibi ya ɗauki mai iri biyu kacal, ya jera 'yan kwalabe, a ta fari ya sa tara da ɗaya, a ta biyu takwas da biyu, a ta uku bakwai da uku, haka har su yi kunnen doki biyar da biyar, sa'an nan ya shaƙa ɗaya bayan ɗaya yana neman kwalbar da a cikinta hanci ya daina cewa ga wardi ga sandal, ya fara jin wani abu na uku wanda babu shi a da. Idan ya same ta, ya rubuta, sai ya ɗauke ta a matsayin abu ɗaya ya sake gwada ta da mai na uku ta wannan hanya. Aikin yana da cin rai, na sani, yana kuma cin mai. Amma wadda ta yi shi da iri shida ko bakwai ta fi wadda ta tara kwalba hamsin tana zubawa da ka, domin ta farko in haɗinta ya ɓaci ta san inda ya ɓaci, ta biyu kuwa ko ya yi daɗi ba ta san dalili ba, gobe kuma ba za ta iya sake shi ba. Don haka littafi da alƙalami suna cikin kayan aiki, daidai da mazurari da kwalba. A rubuta kwanan wata, da sunan kowane mai, da inda aka saye shi, da yawan ɗigo, har da haɗin da bai yi ba, domin shi ma malami ne.

Idan an haɗa, kada a yanke hukunci a ranar. A toshe kwalba, ta zama ta gilashi mai duhu, a ajiye ta inda rana ba ta kaiwa, a bar ta kwana biyu zuwa mako, sa'an nan a shaƙa. Masu humra ba sa bukatar in ja musu wannan, sun san sabuwar humra da wadda ta kwana ba ɗaya ba ne. Sai dai a sani, sandal da ud suna ƙara kyau da tsufa, man lemo kuwa iska da zafi na lalata shi cikin shekara ɗaya ko biyu, a ƙasa mai bazara irin tamu ma ƙasa da haka, kuma in ya lalace yakan yi wani wari kamar na fenti ya riƙa ƙaiƙayin hanci. Saboda haka a saye shi kaɗan kaɗan.

Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma a wannan sana'a karin maganar nan gaskiya ce tsagwaronta. Linda Buck da Richard Axel, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2004, su suka bayyana yadda hanci ke rarrabe ƙamshi, kuma an tabbatar ɗan Adam yana da masu karɓar ƙamshi wajen iri 400. Amma Allah ya gina su ta yadda, in ƙamshi ɗaya ya daɗe a kansu, sai su daina kai labarinsa. Daga nan ne israfi ke shigowa: uwargida ta zauna minti ashirin a ɗaki, ta daina jin komai, ta ce man nan ba shi da ƙarfi, ta ƙara ɗigo goma, baƙuwa ta shigo idonta ya kawo ruwa, kunya ta hana ta magana. Ƙa'ida ita ce ɗigo 3 zuwa 5 a ruwa mililita 100, a kunna rabin sa'a ko sa'a ɗaya, a kashe, a bar ɗaki ya huta, taga kuma a ɗan buɗe. Mai haɗawa ma, in ta shaƙi kwalba biyar ko shida, ta fita tsakar gida ta sha iska kafin ta ci gaba. Shaƙar 'ya'yan gahawa da ake yi a shaguna ɗora wani ƙamshi ne a kan wani.

Kwalba mai tsinke hukuncinta gajere ne. Ba a zuba mata tsantsar mai, sai an sirka shi da ruwan sirkin da ake sayarwa domin wannan aiki, kashi ɗaya na turare kashi uku na sirki, watau mililita 25 da 75 a kwalba mai cin 100. Tsinke shida zuwa takwas sun isa, a juya su sau ɗaya a mako. Tsinken na wata irin kara ce mai suna ratan, wadda cikinta ke da ƙananan hanyoyi daga wannan kai zuwa wancan, don haka tsinken tsire ba ya maye gurbinsa, man gyaɗa ko na zaitun kuma ba sa hawa. Da hunturu, iska ta bushe, kwalba takan ƙare da wuri, sai a rage tsinke.

Na zo kan maganar da ta fi damuna, ita ce algus. Kafin a samu kilo ɗaya na tataccen man wardi, irin wanda ake yi a Ɗa'if ta ƙasar Hijaz ko a Bulgeriya, sai an tsinki fure wajen kilo 3,000 zuwa 4,000, da hannu, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Itacen ud kuwa ba ya ƙamshi sai ya yi rauni wata cuta ta kama shi, kuma an sare shi a dazuzzukan Asiya har sai da aka sa wa cinikinsa takunkumi tsakanin ƙasashe tun 1995. To wanda ya miƙo maka kwalba a kuɗin burodi biyu ya rantse tsantsar wardi ce ko tsantsar ud, ka san abin da ke ciki. Na taɓa sayen irin wannan a hannun wani ɗan kasuwa, da rantsuwa da komai, na ɗiga a farar takarda, bayan kwana biyu ƙamshi ya tafi ya bar mini tabon maiƙo kamar na ƙosai. Wannan gwaji kowa na iya yinsa: mafi yawan tataccen man tsiro yana tashi bai bar maiƙo ba, sai 'yan masu nauyi irin su sandal da jema.

Kada a fahimce ni da cewa ina zargin turaren masana'anta. Tun 1868, da William Perkin ya haɗa sinadarin kumarin a ɗakin gwaji, aka bi da na banila a 1874, aka bi da almiskin haɗi a 1888, ƙamshin da dā sai sarakuna ya sauko hannun talaka, barewar almiski kuma ta samu sauƙin mafarauta. Bint el Sudan da kakanninmu suka sani tun shekarun 1920, wanda har yau ake ɗurawa a Kano, turaren haɗi ne, ba wanda ya raina shi. Halal ne a sayar da na haɗi a kuɗin na haɗi. Abin da Shari'a ta hana shi ne a kira shi da sunan da ba nasa ba, kuma a wannan fage cutar ta wuce ta aljihu, domin abin da aka zuba a na'ura huhun mutane yake shiga, alhali wasu mayukan da ake sayarwa an sirka su ne domin shafawa a tufafi ko domin yin kyandir.

Haƙƙin waɗanda ke cikin gida yana kan mai kunna na'ura. Mai ciwon fuka, da mai juna biyu, da jariri, a nisanta su da hazon, musamman na na'a-na'a da na itacen turare, waɗanda ke iya takura numfashin ƙaramin yaro. Kyanwa hantarta ba ta iya narkar da wasu daga cikin waɗannan sinadarai, tsuntsun keji ma numfashinsa ba ya jure su, don haka a bar musu hanyar fita ko a fitar da su. Ruwan na'ura a zubar da shi kullum, a goge tukunyar, domin ruwan da ya kwana yana tara ƙwayoyin cuta, na'ura kuma ba ta tacewa, abin da ta samu shi take fesawa. Kwalba mai tsinke a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa; in ƙaddara ta sa ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, domin man na iya komawa huhu, a ɗauke shi zuwa asibiti tare da kwalbar. A ɗaya gefen kuma adalci ne in faɗi fa'idar na'ura a kan kasko: garwashi a rufaffen ɗaki da daren hunturu yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha kashe masu barci.

Wata 'yar mas'ala kuma da nake miƙa wa malamaina da ke zaune a nan. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin jin ƙamshin almiski, wanda ba ya taɓa azumi, da shaƙar hayaƙin turare ko tururin tukunya da gangan har ya kai maƙogwaro, wanda suka ce yana wajabta ramuwa. Hazon nan na na'ura ruwa ne na haƙiƙa, mai jiki, ana ganinsa da ido. Fatawa taku ce; ni dai a gidana da rana a watan Ramalana kashe ta nake yi, sai an sha ruwa.

Iyayena da 'yan'uwana masu wannan sana'a, roƙona gare ku ɗaya ne, kuma ba ya cin kuɗi sai na takarda da gam. Kowace kwalba da za ta fita daga hannunku, ku manna mata takarda ku rubuta abin da ke ciki, na tsiro ne ko na haɗi, da ranar da aka haɗa, da inda za a zuba ta: ta kasko ce, ta ruwa ce, ta tsinke ce, ko ta jiki. Ku kuma zaunar da tsofaffinku tun suna da rai, ku kawo ma'auni, su ɗiba da hannu ku auna ku rubuta.